Baƙin Faranti: Yadda Saƙon Dare Ɗaya Ya Tsayar da Inji a Wata Maɗaba'a ta Tudun Wadan Zariya

Maɗaba'ar tana Tudun Wada, ɗaki uku ne a jere da rumfar janareto a baya. Ba zan kama sunanta ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, domin mutanen suna nan, a wurin suke cin abinci. Ina kai musu aiki, shi ya sa na ji labarin daga bakin kowane ɓangare, wani a kan benci, wani a waya.

Mai wurin dattijo ne, Alhaji kowa ke ce masa. Ya koyi aikin ɗab'i a hannun mutanen da suka fito daga Kamfanin Gaskiya, kuma a Zariya wannan ba ƙaramin abin tinƙaho ba ne. A garin nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na edita. A 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya ɗin kansa, sannan NNPC mai wallafa littattafai ta biyo baya a 1966. Waɗanda suka sha horo a wannan gida, da almajiransu, suna da ƙa'ida ɗaya da ba sa wasa da ita: ba a ɗora aiki a inji sai mai aikin ya zo ya ga gwaji da idonsa ya sa hannu. Da zarar ya sa hannu, magana ta ƙare.

Su wane ne a wurin

Ɗakin baya na Baba mai inji ne. Ya haura shekara sittin, fiye da rabinsu kuma tare da Alhaji ya yi su. Injinsa Kord 64 ne, ƙirar kamfanin Heidelberg na Jamus, wanda ya girmi yawancin ma'aikatan wurin. Launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda. In ana son hoto mai launi, sau huɗu takarda za ta bi ta cikinsa: shuɗi, ja, rawaya, baƙi, kowanne da farantinsa, wato fallen ƙarfen da ake fitar da zane a kansa a ɗaura wa inji, kuma tsakanin launi da launi sai an wanke inji an sake tawada. A riƙe wannan, domin a nan lamarin ya ta'allaƙa. Baba yana da yara biyu masu koyon aiki.

Ɗakin gaba na kwamfuta ne. Mai zane budurwa ce da ta karanci zane a ABU, can Samaru, ta kuma iya manhajar zane ta CorelDraw ƙwarai. Sai Manaja, ɗan Alhaji, wanda ya karɓi ragamar wurin da ƙafa ta fara damun mahaifinsa. A gaban Baba aka haife shi, Baba ya ci tuwon sunansa.

Manaja ne ya buɗe wa ma'aikata zauren WhatsApp, ya ce daga yau duk maganar aiki a nan za a riƙa yin ta. Yana da hujja. Masu kawo aiki sun daina zuwa da ƙafarsu. Ɗaliban ABU na Samaru da Kongo da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli ta waya suke turo aiki, ta waya suke biya, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kuma gyara yakan zo musu ne da tsakar dare. Ga kuma gardamar "na faɗa maka" da "ba ka faɗa mini ba" da ta ishe shi. Ya saya wa Baba babbar waya, ya sa shi a zauren. Baba ya yi godiya, ya ajiye ta a gida, jikoki suna kallon bidiyo da ita, ya ci gaba da 'yar ƙaramarsa mai tocila.

Kada a ɗauka rashin karatu ne. Mutumin da ya fara aiki da jera haruffan dalma, yana karanta su a juye, ba karatu zai gagare shi ba. Ya taɓa nuna mini zauren, yana jan allo da ɗan yatsa mai baƙin tawada: "slm", "ykk", "ngd", hotunan barka da Juma'a, 'yan hotunan dariya, tallan atamfar wata mai haɗa littafi, sai can a tsakiya maganar aiki guda ɗaya. Ya ce, "Dubi nan. Ko ƙugiyar ƙa babu. Wannan ne zan tsayar da inji a kansa?"

Abin da ya faru

Wata Islamiyya daga cikin birni ta kawo aikin ɗan littafin walimar saukar Alƙur'ani: sunayen mahaddata a ciki, bango mai launi huɗu, ranar walima da wurinta a jikin bangon da baƙin rubutu. Shugaban kwamitin ya zo, ya duba gwaji, ya sa hannu. Aka yi faranti huɗu. Zuwa yammacin Laraba Baba ya gama launi uku, saura baƙi.

Bayan ƙarfe goma na daren nan sakataren kwamitin ya turo wa mai zane saƙon murya: an ɗaga walima da mako guda, ba a samu wurin taro ba. Ba ta yi sanya ba. Ta buɗe kwamfutarta a gida, ta gyara ranar, ta rubuta a zaure cewa sauka ta koma mako na gaba, kada a buga baƙi sai an yi sabon faranti. Manaja ya gani, ya danna alamar babban yatsa, ya kwanta. Babban yaron Baba ya gani wajen sha biyu, ya ce a ransa ai Manaja ya gani. Ƙaramin ba shi da data.

Kafin asuba aka kawo wuta. Duk mai inji a Zariya ya san abin da wannan ke nufi, domin man gas ya yi tsadar da in ka buga aiki da janareto, ribar a tankinsa za ta ƙare. Baba yana kusa, maɓalli na hannunsa, kuma ya saba in wuta ta zo ba ya jiran kowa. Ya yi sallah, ya biya ya tashi ƙaramin yaron, ya duba gwajin da ke rataye a ƙusa da sa hannun shugaban kwamiti, ya ɗora baƙin faranti. Lokacin da mai zane ta sauka daga Keke Napep, an gama, bangaye na jere suna shan iska, tsohuwar rana ɓaro-ɓaro a jikin kowanne.

Da saƙon ya isa kunnen Baba, asarar faranti ɗaya ce kawai. Yanzu kuwa ta zama ta kwalin bango gaba ɗaya, da tawadar launi huɗu, da aikin kwana biyu. Kwalin nan daga waje ake shigo da shi, tunda masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, kuma tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, kuɗin takarda ke cinye kaso mai tsoka na abin da ake cajin mai aiki.

Duk da haka, ba asarar ce ta tsayar da inji ba. Manaja yana hanya aka kira shi, ransa ya ɓaci, ya rubuta a zaure: "Wa ya ce a buga?" Mai zane ta ɗauki hoton saƙonta na jiya, da lokacinsa, da alamar Manaja a ƙasa, ta tura, ta ƙara da cewa, "Ni na sanar tun jiya, Baba ne bai duba ba." A zauren akwai masu haɗa littafi, da mai kai kaya, da mai yankan takarda, da yaran Baba. Babban yaron ya miƙa wa Baba waya. Baba ya sa tabarau, ya karanta, ya mayar masa. Ya wanke hannu, ya lulluɓe inji, ya ɗauki hularsa ya fita, bai ce wa kowa uffan ba. Ranar bai dawo ba, Juma'a ma bai zo ba. Manaja ya kira bai ɗauka ba, sai aike ya yi cewa ba ya jin daɗin jikinsa.

Abin da kowa ya riƙe

Baba bai musa cewa an yi asara ba. Ya ce ya ɓata takarda a rayuwarsa fiye da yadda zai iya ƙirgawa, kuma Alhaji ya taɓa yi masa faɗan da har yau yana tunawa, amma a ɗakin baya, ƙofa a rufe, daga nan suka fito suka ci abinci kwano ɗaya. Abin da ya ƙona masa rai shi ne sa'ar 'yar autarsa ta rubuta sunansa inda yaran da yake koya wa aiki za su karanta, kuma rubutu ba ya gogewa. "Da baki ta faɗa, da iska ta kwashe."

Sai ya kawo wata magana da ban sani ba. A gwajin farko na wannan littafin, shi ya lura haruffan Larabcin ayar da ke shafin farko sun rarrabu sun juye, abin da kan faru in an kwafo Larabci zuwa manhajar da ba a saita ta ba, sannan ƙugiyoyin sunaye irin su Ruƙayya da Ɗahiru duk sun zube. A littafin saukar Alƙur'ani! Da ya fita haka, da wuya maɗaba'ar ta sake ganin aikin wata Islamiyya a cikin birni. Bai gaya wa Manaja ba, bai gaya wa Alhaji ba. Ya kira yaro gefe ya ce, "Je ka ce mata a sake duba shafin farko." Mai zane ta gyara, magana ta mutu. A lissafin Baba, ya rufa mata asiri, ita ta tona nasa.

Da na tambaye ta, ba ta ma san daga wurinsa gyaran ya fito ba. Yaron "an ce a duba" kawai ya ce mata, ta zaci Manaja ne. Alherin da aka yi shi a ɓoye don kada a kunyata ta, ɓoyewar ta sa ba ta san ana bin ta bashi ba.

Nata bayanin ya fi na kowa sa ni tunani. Ta ce, ƙarfe sha ɗayan dare, tana gidan iyayenta, ta ɗauki waya ta kira dattijo magidanci? Me iyalinsa za su ce, me nata za su ce? Ko da rana ba ta cika shiga ɗakin inji ba, sai dai ta tsaya bakin ƙofa ta gaishe shi. An ce mata zaure ne hanya, ta bi hanya, shugaban wurin ya nuna ya gani. Game da saƙo na biyu kuwa, ta yarda kalmomin sun yi kaifi, amma ta ce tsoro ne ya rubuta su. Ba ta da takardar ɗaukar aiki, kamar yawancin masu irin aikinta, kuma ta san al'adar wuraren nan: in aiki ya lalace, a albashin wani ake cirewa. An taɓa yi mata haka a wani wurin da ta fara aiki, kan gyaran da ta faɗa da baki, babba ya ce bai ji ba. Ta ce, "In maganata ce da ta Baba, wa za a yarda da shi?"

A nan nake ganin gaskiyar lamarin take, kuma ta wuce batun waya. Hanyar da Baba ya taso a cikinta, ta aike da raɗa da rufe ƙofa, tana kare mutuncin mutum, amma ta fi kare na babba, domin inda babu shaida, furfura ce shaida. Hanyar mai zane tana kare haƙƙin ƙarami, amma ba ta da ƙofar rufewa, kowa na ciki yana kallo. Kowannensu ya riƙe abin da ke kare shi ne, kuma in ka zauna da kowanne minti goma za ka fito kana cewa shi ke da gaskiya.

Mutane a wurin sun so su mayar da abin na "yaran zamani" da "mutanen da". Mai yankan takarda ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ɗaya daga masu haɗa littafi ta ce ai wannan karon yaro ne ya hango, babba na barci. An yi dariya, amma rabon bai tafi daidai da shekaru ba. Akwai abokin Alhaji da ya ba saba'in baya, wuni yake a Facebook yana gardamar siyasa. Wanda kuma ya fi kowa ƙuruciya a maɗaba'ar, shi ne bai ga saƙon ba, saboda kuɗin data ya fi ƙarfin abin da ake ba shi.

In ana neman inda laifin ya fi nauyi, ni a wurin Manaja na gan shi, duk da cewa sunansa bai fito a rigimar ba. Ya kafa sabuwar doka bai soke tsohuwa ba. Gwaji mai sa hannu na rataye a ƙusa yana cewa a buga, saƙo na cikin waya yana cewa a dakata, kuma bai taɓa zama da ma'aikata ya ce in biyun sun saɓa ga wanda za a bi ba. Ya san Baba ba ya buɗe zauren, kowa ya sani, amma nauyin baki ya hana shi ce wa abokin mahaifinsa dole ne, sai ya bar abin a haka kamar an daidaita. Alamar da ya danna a daren, mai zane ta ɗauke ta a matsayin ya karɓi maganar ya ɗauki nauyinta, shi kuwa nufinsa ya gani ne kawai. Kuma a duk wurin shi kaɗai ne zai iya kiran Baba da sha ɗayan dare ba a ga baƙinsa ba, tunda ɗa ne. Da safe kuma shi ya fara jefa tambaya a bainar jama'a. Wanda aka tambaya a kasuwa, a kasuwa zai ba da amsa.

Yadda aka sasanta

Alhaji bai shiga zaure ba, bai kira taro ba. Bayan magaribar Juma'a ya sa ɗansa ya kai shi gidan Baba. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi jiki, aka yi maganar damina da tsadar masara, har aka kira isha ba a ambaci littafi ba. Bayan sallah ne Alhaji ya ce, "Ga ɗanka nan na kawo maka." Manaja ya gyara zama ya ce, "Baba, ku yafe ni, ni ya kamata in kira ku." Baba ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Alhaji ya ce asarar tasa ce, ba za a taɓa kuɗin kowa ba, kuma wannan maganar ya sa aka isar wa mai zane a daren.

Da safen Asabar ta je bakin ƙofar ɗakin inji ta durƙusa. "Baba, ina kwana. Ku yi haƙuri, wallahi ban yi don in ci mutuncinku ba." Ya ce, "Tashi, 'yata, ya wuce. Allah ya yi miki albarka. Gobe in abu ya taso, ki aiko yaro." Daga baya ta ce mini ta ji daɗin addu'ar, amma wane yaro za ta aika da sha ɗayan dare?

Bangayen kuwa ba a zubar ba. Manaja ya so a liƙa 'yar takarda a kan tsohuwar ranar, Baba ya ce wannan aikin 'yan koyo ne, cikin mako za ta ɓare. Ya ce a buga zirin tawadar azurfa a kan layin, tunda tana rufe abin da ke ƙarƙashinta, in ta bushe a ɗora sabuwar rana da baƙi. Wahalar ita ce zirin ya sauka daidai, ya kuma yi kama da ado, ba faci ba. Nan dole aka haɗu. Baba ya auna da rula ya faɗa wa mai zane tsawo da faɗi, ta zana zirin da 'yar lanƙwasa a gefe biyu, ya sa ta ƙara masa kauri kaɗan saboda takarda takan ɗan motsa in ta sake bi ta inji. Ranar ce ta fara tsayawa kusa da Kord yana aiki, ta ga dalilin da yake yawan dawo mata da zane yana cewa siririn rubutu ba ya son launi huɗu. Kwamitin Islamiyyar ya karɓa, bayan shugaban ya ɗaga bango ɗaya sama ya hango inuwar tsohuwar ranar, ya nemi ragi, aka yi masa.

Abin da aka canza, da abin da ya ƙi canzuwa

An dawo da takardar aiki, wadda Alhaji ya ce da ma bai san yaushe aka daina ta ba. Kowane aiki da takardarsa a maƙale da gwaji, kuma in gyara ya zo, sai an rubuta shi a kanta da jan biro, an kuma fitar da tsohon farantin daga ɗakin inji. Gyaran da ya zo bayan isha, mai zane za ta rubuta a zaure don ya zama shaidarta, sannan ta kira Manaja, shi kuma ya kira Baba har sai ya ji muryarsa. An hana kama sunan mai kuskure a zaure. An kuma hana gaisuwar Juma'a da talla, dokar da ba ta yi wata guda ba ta karye.

Abin da ban zata ba shi ne Baba ya karɓi saƙon murya. Jikansa ya nuna masa inda ake dannawa, yanzu yakan zo da babbar wayar a aljihu. Sai dai saƙonsa yakan fara da sallama, da tambayar gida, da iyaye, da gajiya, kafin a iso ga cewa jan ya yi yawa a rage shi. Mai zane kuma tana saurare ne da saurin ninki biyu. Bai sani ba, kuma babu wanda ya yi niyyar gaya masa.

Manaja ya manta kiran dare sau ɗaya tun daga nan, Allah ya taimaka ba a kawo wuta ba.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan girma tana tafe. Manaja yana neman kuɗin sayen injin bugu na zamani, irin wanda masu sana'ar ke kira DI, wanda ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, launi huɗu a tashi ɗaya, babu faranti. Ga ƙananan ayyuka irin katin biki da littafin sauka, lissafinsa daidai ne, abokan gasarsa na Sabon Gari da Samaru sun riga shi. Kord zai koma na manyan ayyuka kawai, irin fastocin zaɓe da kalanda, waɗanda ba kullum suke zuwa ba. Babban yaron Baba ya riga ya fara zama ɗakin gaba da yamma yana koyon CorelDraw. Ana tattauna farashin injin da inda za a ajiye shi a wani sabon zaure mai mutum uku: Manaja, mai zane, da dillalin da ke Shomolu a Legas. Alhaji ya ce shi zai gaya wa Baba da bakinsa, in lokaci ya yi. An riga an biya kafin alƙalami.